Hilu-mur daga tsiro zuwa kofi: yadda muka bi aikin bana a Gadarif

A unguwannin Hausawa na Gadarif, a gabashin Sudan, shirin azumi yana farawa tun cikin Rajab, ranar da aka jiƙa dawar tsiro. Ana yin haka ne saboda hilu-mur, wanda wasu ke kira abre ja: dawa ce ake tsirarwa, a dama ta da kayan ƙamshi, a bar ta ta yi tsami, a gasa a kan saj, wato faffaɗan farantin ƙarfe na gashi, ta zama faifai masu duhu da ake kira tarƙa, a ajiye, a riƙa jiƙawa ana sha da buɗa-baki har watan ya fita. Mu mata ne masu yin sa don gida da kuma sayarwa, kuma awon da ke ƙasa na kaila ɗaya ne, wato malwa 4, kusan kilo 12 na dawa. Mai son yin ƙasa da haka sai ta raba komai daidai.

Dawar da muke saye fatarita ce. Bayanta fari ne kamar alli, amma a ƙarƙashin fatar akwai wani ɓawo mai launin ƙasa, shi ke ba hilu-mur jansa da ɗan baurin da ke kama harshe. Farar dawa irin tabat ta fi kyau ga kisra, wato siraran faifan kullun dawa da ake ci da miya, da abre fari, ɗan'uwan hilu-mur mai farin launi. In aka yi hilu-mur da ita yakan fito fari-fari, ba jiki. Gadarif gidan dawa ce, don haka samunta ba wuya, wuyar ita ce samun mai rai. Kafin mu biya kuɗin buhu mukan ɗebi ƙwaya 100, mu naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, mu duba bayan kwana 3. In waɗanda suka tsira ba su kai 90 ba, ba ma saye. Ƙwayar da ba ta tsira ba ruɓewa take yi a cikin sauran, daga nan funfuna ke kamawa. Dawar da ta shekara biyu a sito, da wadda ƙwari suka huda, duk suna faɗuwa a wannan gwajin. Irin shuka kuwa da aka cuɗa da magani, wanda yawanci ake rina shi da launi, kada ya kusanci tukunya ko da kyauta aka ba da shi.

Mun raba dawar gida biyu: kilo 6 na tsiro, wanda ake kira zirri'a a nan, kilo 6 kuma na gari. Ta tsiron muka wanke har ruwan ya yi garai, muka kwashe duk abin da ya taso sama, muka jiƙa daga magariba zuwa hantsi, da canjin ruwa sau ɗaya a tsakiya. Jiƙon da ya zarce yini da kwana yana shaƙe ƙwayar, ta fara wari maimakon ta farka. Bayan an tsane ta sai a shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a cikin inuwa, kaurin shimfiɗar kada ya wuce yatsu uku, a rufe da wani buhun. Ana yayyafa ruwa safe da yamma, yayyafi kawai, kada ruwa ya kwanta a ƙasa. A kullum a cusa hannu cikin tsakiya: ɗumi kaɗan alamar rai ce, zafi kuwa alamar shimfiɗar ta yi kauri, a baza ta. A kwana na huɗu zuwa na biyar saiwoyi sun sarƙe da juna, tohon ya kai tsawon gaɓar yatsa. A nan muke tsayar da ruwa. In aka bari ya ƙara tsawo, ƙwayar ta cinye abincinta, a ƙarshe ciyawa za a kai inji.

Ana shanya tsiron a rana kwana 2 zuwa 3, har ƙwayar ta yi ƙaras a haƙori. Daga nan akwai matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, mu kuwa ba ma wasa da shi: a murtsuke busasshen tsiron da tafin hannu, a bakace, saiwa da toho su fita. Tohon dawa yana ɗauke da irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci, shi ya sa makiyaya ke hana dabbobi kiwon gyauron dawa. Tsami da wuta suna rage ta ƙwarai, amma fitar da tohon tun farko ya fi kwanciyar hankali, kuma yana cire wani ɗaci mara daɗi wanda sukari ba ya iya rufewa. Bayan murtsuka, kilo 6 ɗinmu ya koma kilo 5 ko kusa da haka. Aka kai inji, tsiro daban, dawa daban, aka tankaɗe.

Ranar kojan, wato ranar dafa gari da haɗa shi da tsiro, ita ce ranar da aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Mun ɗora ruwa lita 20 a babbar tukunya, muka yi talge da kashi ɗaya na garin dawa, ya tafasa sosai, muka zuba sauran garin muna tuƙawa da muciya har ya zama tuwo mai laushi, aka bar shi ya turara kamar rabin awa. Dole ya nuna. Sitacin dawa ba ya sakin jiki sai zafi ya haura digiri 70, kuma sinadarin da ke cikin tsiro, wanda ke narkar da sitaci ya mai da shi sukari, ba ya iya cin ɗanyen gari yadda ya kamata. To amma shi wannan sinadarin zafin tafasa yana kashe shi. Wannan ne ya sa ake dafa garin shi kaɗai, a sauke, sannan a kawo tsiro.

Garin tsiron mukan raba shi uku. Kashi na farko yana shiga jim kaɗan bayan an juye tuwon a durom na roba, yana tururi. Wannan kason sadaukarwa ne, yawancinsa zafi zai kashe, amma kafin ya mutu yana sassauta tuwon yadda muciya za ta iya juyawa. Sai a yi ta motsawa har zafin ya sauko zuwa digiri 60 ko 65. Wadda ba ta da ma'aunin zafi ta tsoma tsaftataccen yatsa: in ta iya ƙirga uku kafin ta zare, ya yi. Sai sauran kashi biyun su shiga. Abin da ke faruwa a gaban ido ba a gajiya da kallonsa. Tuwon da ke riƙe muciya a tsaye sai ya fara tsagewa daga gefen durom, ya yi sheƙi, dunƙulensa su narke, cikin ƙasa da awa ɗaya ya koma ruwa-ruwa mai launin ƙasa yana zuba daga ludayi. A lasa, za a ji zaƙi ba tare da an sa ƙwayar sukari ba. Wadda ta san yadda ake zaƙaƙa kunun zaƙi da tsiro ta riga ta san wannan. In awa biyu ta wuce kullun yana nan da kauri, ba zaƙi, ko dai an sa tsiron cikin zafi mai yawa, ko tsiron tun asali mara ƙarfi ne. Maganinsa ƙarin sabon garin tsiro kamar kilo ɗaya tun kullun na da ɗumi. Ƙara ruwa ba ya gyara komai, sai dai ya ɓoye matsalar zuwa ranar gashi.

A rufe durom a lulluɓe da bargo na awa 3 zuwa 4 don ɗumin ya daɗe. Bayan ya huce ne kayan ƙamshi ke shiga. Namu awon: citta busasshiya giram 250, kirfa giram 200, shamar giram 100, kasbara giram 100, gurunjal giram 100, habahan giram 50, habbatus sauda giram 50, hulba giram 40. Duk a ɗan soya su sama-sama ba mai, a daka, a tankaɗe. Sai tsamiya kilo 1 da zoɓo rabin kilo, kowanne a jiƙa shi daban a tace, ruwan kawai ake so. Zoɓon Rahad da ke zuwa daga Kurdufan ya fi duhu da ƙarfi, rabin kilonsa ya wadatar. Kowane gida da hannunsa a nan, akwai masu ƙara dabino, akwai masu sa kanumfari da masoro irin na gida. Abu ɗaya muke gargaɗi a kai, hulba. Kaɗan daga cikinta yana zurfafa ƙamshi, da ta yi yawa sai ta danne kowa, ta kawo ɗaci, ta kuma fito a gumin mai sha.

Sai tsami. Mukan zuba kofi 2 na kullun kisra mai tsami don a fara da ƙwayoyin da muka sani, irin masu tsamar da nono, maimakon a jira duk abin da iska ta kawo. A rufe da tsumma mai tsabta. A 'yan shekarun nan Sha'aban na faɗowa cikin Janairu da Fabrairu, dare da sanyi, don haka kullun yakan ɗauki yini da rabi zuwa kwana 2. Shekarun da azumi ke zuwa a tsakiyar bazara, yini ɗaya ya ishe shi. Agogo ba ya yanke hukunci a nan, hanci da harshe ne. Kullun da ya kai yana da ƙananan kumfa a sama, tsaminsa mai tsabta ne, zaƙin kuma bai tafi ba. In ya fara huci da ƙarfi, ƙamshinsa ya koma mai hawa kai, to yis ya karɓe aikin yana mai da sukarin barasa. Tsiron da ake hilu-mur da shi, da shi ake marisa, giyar dawa, tazarar da ke tsakaninsu ta lokaci ce da niyya. Zafin saj yana korar ɗan abin da ya samu, amma ba ma dogara da wannan. Da ya kai, a hura wuta, ko da tsakar dare ne. In masu gashi ba su samu ba, gara a jinkirta kojan ɗin tun farko da a bar kullu yana jiran mutane.

Gashin, wato awasa, aikin gayya ne. Saj biyu, mata huɗu masu karɓa-karɓa, ɗaya mai kula da wuta, ɗaya mai jera tarƙa. Itacen talha muka fi so, yana yin garwashi mai ɗorewa. Wutar ta zama matsakaiciya kuma shimfiɗaɗɗiya a ƙarƙashin saj, ba harshe ɗaya a tsakiya ba. A shafe saj da tsumman mai, a zuba ludayi ɗaya na kullu, a baza da gargariba, ɗan guntun kaba mai faɗi da ake tsomawa a ruwa. Gashin kisra na daƙiƙoƙi ne, wannan kuwa yana son haƙuri: a baza, a tattaro, a sake bazawa, ruwan na ƙonewa, sukarin na dahuwa, launin na tashi daga ƙasa-ƙasa zuwa ja mai duhu. Dattijuwar da ke jagorantar gashinmu takan tsaya a kan sabuwar hannu ta ce, “'Yata, kada ki kalli launi, ki saurari saj. In ya daina kuka, ɗaga.” Gaskiyarta ce, domin da ƙarar tafasar ta lafa, saura ƙiris ya ƙone. Sai a ninke shi gida huɗu tun yana da laushi, a ɗaga. In yana manne wa saj, kullun ya yi ruwa ko sitacin bai narke ba. In gefe ya yi baƙi tsakiya ɗanye, wutar ce ba daidai ba. Kaila ɗaya tana ba mu tarƙa tsakanin 80 da 100, gwargwadon hannun mai gashi. A jera su a tabarma a inuwa mai iska kwana 2 ko 3, ana juyawa, har su bushe su riƙa karyewa da ƙara.

Ba ma sayar da ko ɗaya sai mun ɗanɗana, kuma ɗanɗanon yana da ƙa'ida. Giram 100 a lita 1 na ruwa mara sanyi, jiƙon awa 2, a tace da mataci sannan da farin tsumma, a zuba a kofin gilashi, ba sukari, ba ƙanƙara. Sukari da sanyi suna rufe aibi, shi ya sa mai saye da aka miƙa wa kofi mai sanyi da zaƙi a kasuwa bai ɗanɗana komai ba. A ɗaga kofin a haske: mai kyau ja ne mai duhu, haske na ratsa shi. Mai gurɓi fari-fari ɗanyen sitaci ne, zai bar gari a harshe. Baƙi ƙirin ƙuna ce. A shinshina: ƙamshin gashi ya fara zuwa, kirfa da citta su biyo baya. Warin rumbu ko na jiƙaƙƙen buhu funfuna ce daga tsiro, wannan ba a gyara shi, ba a kuma sayar da shi. A kurɓa a riƙe a baki. Zaƙin tsiro ya kamata a fara ji, tsami ya biyo a gefen harshe, ɗan ɗaci da zafin citta su rage a maƙogwaro bayan an haɗiye. In tsamin ya sa an runtse ido, kullun ya wuce lokaci. In ba a ji komai bayan haɗiya ba, an yi rowar kayan ƙamshi ko an ɗaga daga saj da wuri. Bayan wannan ne ake sa sukari, cokali 4 zuwa 5 a lita. Hilu-mur ɗin da ya nemi fiye da haka kafin ya shawu, akwai abin da yake ɓoyewa.

Jiƙaƙƙen hilu-mur na ranar ne. In ya kwana a waje cikin zafi yakan sake tashi. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa jiƙon zabibi da ake yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba ya wuce yammacin rana ta uku. A zafin Gadarif mu ko kwana ɗaya ba ma ba shi sai a firji.

Wajen haɗa shi da abinci ne mutane suka fi sakaci, a ajiye jug ɗaya a tabarmar buɗa-baki a sha shi da komai. Kurɓin farko kada ya biyo dabino kai tsaye. Zaƙin dabino irin barakawi ko gundaila yana sa hilu-mur ya zama kamar ya fi tsami da ɗaci fiye da yadda yake. Dabino, ruwa, sannan balila, wato dafaffen kabkabe ko adasiyya (dangin wake ne) da ɗan gishiri, a nan ne kofin farko yake nuna kansa, domin balila ba ta gasa da shi, gishirinta kuma na fito da zaƙin tsiro. Abokinsa na gaske shi ne asida, tuwo mai laushi, da miyar tagaliyya. Miyar tana da mai, da soyayyar albasa, da garin busasshen nama, da yauƙin weka, wato garin busasshiyar kuɓewa, tsami da baurin hilu-mur suna wanke baki tsakanin loma da loma. Haka yake da ta'amiyya, mai kama da ƙosai, da duk wani abu soyayye. A gidajen da har yanzu ake tuƙa tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, a zaɓi tarƙar da ta fi gasuwa, mai ƙamshin hayaƙi, ita ke iya tsayawa da daddawa. Miyar na'imiyya kuwa da nono mai tsami ake yin ta, tsami kan tsami yana gajiyar da baki, sai a rage jiƙon zuwa awa ɗaya ko a kawo abre fari. Agashe, gasasshen nama irin tsire, shi ma sai an yi hattara: yaji da citta sun riga sun yi yawa a jikin naman, hilu-mur mai citta da ƙarfi ƙara wutar yake yi, zoɓo mai sanyi ya fi dacewa da shi. Da kayan zaƙi irin su lugaimat da basbusa ba ya tafiya ko kaɗan, wannan wurin shayi ne. Da sahur ba ma ba da shawararsa, sukari da citta na tayar da ƙishi da hantsi. Godogodo, kunun gero mai kauri, da nono, ko abre fari mara sukari sosai, sun fi riƙe mai azumi.

Ta fuskar kasuwanci, kuskuren sababbin shiga shi ne lissafa dawa su manta da sauran. A Gadarif dawa ce mafi sauƙi a cikin kuɗin. Citta, kirfa da habahan daga waje suke shigowa, farashinsu na bin dala. Sai itace, sai niƙa, sai ladan masu gashi in ba gayya aka yi ba, sai leda da kwali. Ko gayya ce, abincin masu aiki da shayinsu da ranar da za a je a rama musu duk kuɗi ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 darajar fam, kuɗin Sudan, ba ta zama wuri ɗaya, don haka ba ma yanke farashi a Rajab kan kayan da za a karɓa ƙarshen Sha'aban. Mai oda ta ba da rabin kuɗi, a ranar mu sayi kayan ƙamshinta, ragowar a daidaita ranar karɓa.

Mun fi son sayarwa da awo a kan ƙirgen tarƙa, saboda tarƙa ba girmanta ɗaya ba, amma awo ma yana da tarkonsa: wanda bai bushe ba ya fi nauyi, kuma shi ne ke yin funfuna a leda kafin goman tsakiya. Mai saye ta karya ɗaya a gabanta, in ta lanƙwashe ba ta karye ba, ta bar shi. Ta kuma jefa ɗan guntu a ruwa: na gaske a hankali yake sakin launi, wanda aka taimaka wa da ƙonannen sukari ko rini nan take yake rina ruwan. Kaso mai kyau na cinikinmu yanzu na masu aikawa ne ga 'yan'uwa a Masar da Jidda da Makka. Irin wannan mukan ƙara masa kwana ɗaya a shanya, mu sa a leda biyu, sannan a kwali mai ƙarfi, kuma ba a haɗa shi jaka ɗaya da turaren wuta ko humra, yana shan ƙamshin duk abin da ya kwana kusa da shi.

Kasuwar gajera ce. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa goman farko na azumi ake cinikin, bayan nan kowane gida ya riga ya tanada, farashi ya sauko. Don haka muke tsara kojan kaila-kaila, tazarar kwana 3 tsakani, na ƙarshe ya sauka daga saj mako guda kafin ganin wata. Abin da ya rage ba ma karyar da shi. In ya bushe da gaske, aka ƙulle shi a bokiti mai murfi nesa da danshi, yana kai watanni, kuma masu Sitta Shawwal da masu azumin Arfa suna dawowa nemansa. Kafin damina ta sauka a Yuni sai a buɗe, a sake baza shi a inuwa yini ɗaya, a mayar.